Daga IReV zuwa JAMB: Me ya sa manhaja ke aiki lafiya a wata kwamfuta, ta ƙi a wata?

A ranar Asabar 25 ga Fabrairun 2023, takardu uku aka miƙa wa duk wanda ya je kaɗa ƙuri'a a mazaɓar Boko da ke Ƙaramar Hukumar Kusada a Jihar Katsina: ta shugaban ƙasa, ta sanatan Katsina ta Arewa, da ta ɗan majalisar wakilai mai wakiltar Kankiya da Kusada da Ingawa.

Tsarin da hukumar zaɓe ta INEC ta yi wa jama'a alkawari bai da wuyar fahimta. Idan an gama ƙirga, jami'in rumfa zai rubuta sakamako a takarda, wakilan jam'iyyu su sa hannu, ya ɗauki hotonta da na'urar BVAS, ya tura shafin intanet na IReV inda kowa zai iya gani daga wayarsa.

A faɗin ƙasar, sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga. Na shugaban ƙasa ya ƙi.

Na'ura ɗaya ce, jami'i ɗaya ne, sabis ɗin waya ɗaya ne, amma takarda biyu su wuce, ta ukun ta maƙale, kuma ita ce wadda idon kowa ke kanta. Ba a ga laifin wanda ya yi zargi ba. A Jihar Katsina, tazarar da ke tsakanin Atiku Abubakar da Bola Tinubu ba ta kai ƙuri'a 7,000 ba, don haka takardar kowace rumfa tana da nauyi.

Washegari INEC ta ce ba kutse aka yi mata ba, ba kuma zagon ƙasa ba ne. Ta ce tangarɗa ce da ta biyo bayan faɗaɗa shafin daga na zaɓukan jihohi ɗaiɗai zuwa na ƙasa baki ɗaya. Cikakken bayani kuwa sai da aka yi shekara guda, a rahoton da ta fitar a Fabrairun 2024.

Abin da rahoton ya ce shi ne, an saita manhajar ta yadda kafin ta ajiye kowace takarda sai ta fara gano jihar da zaɓen yake, sannan ta buɗe masa jaka a ƙarƙashin jihar. Zaɓen ɗan majalisar Kankiya da Kusada da Ingawa yana da gida, wato Katsina. Na sanata ma haka. Zaɓen shugaban ƙasa kuwa ba na wata jiha ba ne, Najeriya duka ce mazaɓarsa. Manhajar ta nemi inda za ta ajiye shi ta rasa, sai babbar kwamfutar ta riƙa mayar da saƙon kuskure. A cewar hukumar, sai ƙarfe 8:55 na dare takardar farko ta zaɓen shugaban ƙasa ta shiga.

Mai karatu na da 'yancin yarda da wannan bayani ko ƙin yarda, kuma har gobe akwai masu ganin da walakin. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar manhaja daga inda aka gina ta ya kai ta inda za ta yi aiki, ya san irin wannan kuskure. An fara amfani da IReV ne a 2020, a zaɓen cike gurbi na majalisar dokokin Jihar Nasarawa. Ya yi aiki a zaɓen gwamnan Ekiti da na Osun a 2022. Dukkansu zaɓuka ne masu jiha. Hanyar zaɓen shugaban ƙasa ba a taɓa bin ta a zaɓe na gaske ba sai ranar da mutane miliyoyi ke jira.

Manhaja ba ta tashi da kayanta duka

Shafin intanet da kake buɗewa a wayarka, na banki ne ko na makaranta ko na neman aiki, yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira saba. Ba a kanta aka ƙirƙire shi ba. An rubuta shi a kwamfutar wani injiniya, aka gwada shi a wata, sannan aka kwashe shi zuwa ta ukun. Wani lokaci kuma bayan shekaru sai a sake ƙaura da shi zuwa sabuwa.

Matan da suka saba zuwa jere sun fi kowa sanin matsalar. Gado lafiyarsa lau, kwabet lafiyarta lau, a shagon kafinta komai ya zauna daram. Sai an isa ɗakin amarya a tarar ƙofa ta yi ƙanƙanta, taga ta faɗo daidai inda madubi zai tsaya, wurin sa wuta kuma yana bayan gado. Ba kayan ne suka lalace ba, ɗakin ne ba irin wancan ba.

Haka manhaja take. Ta dogara da abubuwa da yawa da ke kewaye da ita, waɗanda ba sa biyo ta idan an kwafe ta. Masu sana'ar na kiran su saiti.

A ɗauki ƙaramin misali. Matashi a Katsina ya rubuta wa wata makaranta shafin duba sakamakon jarrabawa. A kwamfutarsa ta hannu komai na tafiya. Ya biya kuɗin haya a sabar wani kamfani, ya ɗora, sai shafi ya fito fari fat.

Abu na farko da za a duba shi ne adireshin fayil. A cikin manhajar an rubuta cewa hotunan ɗalibai suna wuri kaza a kwamfutarsa, alhali sabuwar ba ta da wannan wurin. Na biyu, rumbun bayanai: suna da kalmar sirrin da manhajar ke amfani da su wajen shiga rumbun na tsohon gida ne. Na uku, izini. Saba ba ta barin manhaja ta rubuta a kowace jaka sai an ba ta dama a fili, shi ya sa sau da yawa shafi zai buɗe lafiya, amma da ka zo ɗora hoton fasfo sai ya tsaya.

Akwai waɗanda suka fi waɗannan ɓoyuwa. Kwamfuta mai Windows ba ta damu da bambancin babban baƙi da ƙarami a sunan fayil ba, ita kuwa Linux, wadda yawancin sabobin duniya ke amfani da ita, tana ɗaukar "Hoto" da "hoto" a matsayin abu biyu daban. A Linux ɗin kuma, duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo ba ya bayyana a jerin da ido ke gani, kuma sau da yawa a irinsu ake ajiye saitin da ya fi muhimmanci. Mutum zai rantse ya kwashe komai, alhali ya baro makullin gidan. Sai kuma bambancin zubi: manhajar da aka rubuta da tsohon zubin yaren PHP tana iya ƙin tashi a sabar da ke da sabo.

Mu masu rubutu da Hausa muna da namu ciwon na musamman. Idan aka yi ƙaura da rumbun bayanai ba tare da an daidaita tsarin haruffa ba, sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma alamar tambaya ko wasu baƙaƙe marasa kan gado. Wanda aka rubuta garinsu Ƙanƙara ko sunansa Ɗanladi, sai ya ga takardarsa ta fito da abin da ba ya karantuwa, ga shi kuma a ofis za a ce masa sunan bai yi daidai da na katinsa ba.

Lambobin da ke fitowa a fuskar waya ma magana suke yi. Lamba 404 na nufin ba a sami abin da ka nema a wannan adireshin ba. Lamba 403 na nufin an hana shiga. Waɗanda suka fara da 5, kamar 500 da 502 da 503, suna nufin matsalar tana can wurin saba. Idan ka ga 500, kada ka wahalar da kanka da hawa tudu neman sabis ko sayen sabuwar data. Saƙonka ya isa, masu gidan ne suka kasa amsawa.

Hanyar gano bakin zaren ba sihiri ba ce. Kowace saba tana da kundin da take rubuta duk abin da ya faru da lokacin da ya faru, kuma injiniyan kirki can yake fara zuwa kafin ya taɓa komai. Daga nan sai ya jera tsohuwar kwamfuta da sabuwa ya bi su layi-layi yana neman inda suka saɓa, ya canza abu ɗaya ya gwada kafin ya canza na biyu. Sharaɗi mafi girma shi ne ba a rushe tsohon gida sai sabon ya zaunu.

Wannan duk ɗalibin shekarar farko a fannin ya ji shi. Tambayar ita ce me ya sa manyan hukumomi masu biliyoyin naira ke faɗawa ramin.

Facin da bai kai ko'ina ba

Babu misalin da ya fi na hukumar JAMB fitowa fili. An fara jarrabawar shiga jami'a ta 2025 a ranar 24 ga Afrilu. Da aka saki sakamako ranar 9 ga Mayu, sama da ɗalibai miliyan 1.5 daga cikin miliyan 1.9 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Iyaye da malamai suka yi ca, musamman a Legas da Kudu maso Gabas, inda yaran da aka san ƙwazonsu suka fito da makin da ba ya kama da su.

Ranar 14 ga Mayu, shugaban hukumar Farfesa Is-haq Oloyede ya fito gaban 'yan jarida, ya amsa cewa kuskure daga wurinsu yake, har da hawaye.

Bayanin da ya yi ya cancanci a tsaya a kansa. JAMB ta raba cibiyoyinta gida biyu, rukunin Kaduna da rukunin Legas. Bayan jarrabawar gwaji, an lura cewa a rukunin Legas manhajar ba ta cakuɗa jerin amsoshi yadda aka so, sai aka gyara, aka gwada, aka gamsu. A rana ta biyu ta jarrabawa wata matsala ta sake ɓullowa, aka yi mata faci. Facin ya yi aiki. Abin da ya faru shi ne ma'aikatan kamfanin da aka ba kwangilar ba su ɗora shi a kan dukkan sabobin ba, kuma babu wanda ya lura har aka saki sakamako.

Cibiyoyi 157 abin ya shafa: 65 a Legas masu ɗalibai 206,610, da 92 a shiyyar Owerri masu ɗalibai 173,387. Jimla 379,997. Aka ce su sake zama daga 16 ga Mayu, kwana biyu kacal bayan sanarwar, a daidai lokacin da da yawansu ke tsakiyar jarrabawar WAEC.

A Arewa an kalli lamarin kamar gobarar wata unguwa. Amma bisa rabon da Oloyede ya bayyana, Katsina da Kano da Jigawa da Neja da Kogi da Abuja ba a rukunin Kaduna suke ba, suna cikin na Legas ne. Wato yaron da ya taso daga Boko ko Kankiya da asuba ya je cibiyarsa, a kan wannan manhaja da aka yi wa faci ya rubuta jarrabawa. Sabar cibiyarsa ba ta cikin waɗanda aka tsallake, shi ke nan bambancin. Da tsallaken ya faɗo ta nan, da wuya a ce ƙorafin zai yi ƙarar da ya yi, domin iyayen da ke ƙauye ba su da lauyoyi da dubban mabiya a shafin X. Da yawa za su ce yaro bai yi karatu ba ne, ko su ce haka Allah Ya ƙaddara, a rufe maganar.

An yaba wa Oloyede da ya amsa laifi, kuma ya cancanci yabon, domin ba ɗabi'ar masu riƙe da hukumomi ba ce a ƙasar nan. Sai dai hawaye ba sa maye gurbin bincike. Cibiyoyi 157 a yankuna biyu su fito da maki da ya yi ƙasa sosai a ranakun farko, sannan ya daidaita a ranakun baya, wannan abu ne da lissafi zai nuna kafin a saki sakamako, in da an sa wani ya duba. Haka kuma tabbatar da cewa kowace saba tana ɗauke da zubi ɗaya aiki ne da kwamfuta ke yi cikin mintuna, ba sai an dogara da cewa ma'aikaci ya ce ya gama ba.

Ba a Najeriya aka fara ba. A ranar 1 ga Agustan 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya fara aiki da sabuwar manhajar da ya ɗora a kan sabobinsa takwas, alhali ma'aikaci ya manta da guda ɗaya. Cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400, kuma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba sai da aka haɗe shi da wani. Shekara 13 ke nan tsakaninsa da na JAMB, kuma labarin sananne ne a wurin masu wannan sana'a.

Wata uku bayan na JAMB, WAEC ta bi sahu. Ta saki sakamako a farkon Agustan 2025 tana cewa kashi 38.32 cikin 100 ne suka sami kiredit biyar har da Turanci da Lissafi. Bayan 'yan kwanaki ta rufe shafin, ta ce an yi amfani da jerin amsoshin da bai dace ba wajen maka wasu takardu, adadin ya koma kashi 62.96.

Wa ke biyan kuɗin ƙaura?

Bankuna ma sun yi tasu ƙaurar a ƙarshen 2024. Sterling ya koma wata manhaja da aka gina a gida mai suna SeaBaaS, GTBank ya koma Finacle, Zenith ya koma Flexcube. Sauya babbar manhajar banki ba laifi ba ne, dole ce ma idan abokan hulɗa sun yi yawa. Amma an shafe kwanaki, a wasu wuraren makonni, mutane na kuka da kuɗin da aka cire bai isa ba, da manhajar waya da ta ƙi buɗewa, har hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta fito ta gargaɗi bankuna.

Mazaunin Legas ko Abuja yana da asusu biyu ko uku, ga reshen banki a bakin titi. Manomin da ya kai buhun masara ko ɗan akuya kasuwar Kankiya ko ta Charanchi, bankinsa shi ne mai POS. Idan tiransifa ta maƙale, ciniki ya tsaya, mai saye na nuna an cire masa, mai sayarwa na cewa bai ga alat ba, ga rana na faɗuwa. Rigimar da aka haifa a ɗakin saba mai sanyi, a ƙarƙashin rumfar kasuwa ake yin ta, tsakanin mutum biyu da babu mai laifi a cikinsu. Kuma kalma ɗaya ake rufe su da ita: netwok.

Wannan kalma ta zama bargon da ke lulluɓe komai. Rashin sabis a ƙauye gaskiya ne, amma ba shi ne ya hana takardar shugaban ƙasa shiga IReV ba, ba shi ne ya rage wa yaran Owerri maki ba. Matuƙar jama'a na ɗaukar kowace tangarɗa a matsayin abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar fari ko ambaliya, babu wanda za a tambaya.

A Ingila an taɓa yin irin ta. Bankin TSB ya yi ƙaura zuwa sabuwar manhaja a Afrilun 2018, abokan hulɗa masu yawa suka kasa taɓa kuɗinsu. Shugaban bankin ya sauka a wannan shekarar, bankin ya biya diyyar sama da fam miliyan 32, sannan a Disamban 2022 hukumomi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65. Ba don kuskure ba ya faruwa aka hukunta shi ba, sai don an gano bai shirya wa ƙaurar yadda ya kamata ba.

A nan kuwa, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 26 ga Oktoban 2023 cewa rashin ɗora sakamako a IReV bai isa ya soke zaɓe ba, domin ba a can doka ta ce a tattara sakamako ba. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare. Ta fuskar amana kuwa ba ta ƙare ba, saboda wanda aka ce masa ya tsaya a rumfa zai ga takardarsa a waya, ya tsaya bai gani ba, ba hukuncin kotu ne zai dawo masa da yarda ba.

Yanzu ga zaɓen 2027 na tafe, ga kuma gwamnatin tarayya ta ce WAEC da NECO su koma jarrabawa ta kwamfuta. Ma'ana za a ƙara yawan sabobi, a ƙara yawan ƙaura da faci, a kai su garuruwan da wutar lantarki ma sai an yi sa'a. Abin da ya kamata 'yan majalisa, har da mai wakiltar Kankiya da Kusada da Ingawa, su nema daga waɗannan hukumomi ba ya buƙatar digiri a ilimin kwamfuta. A yi gwaji a bainar jama'a wanda ya yi kama da ranar gaske, da nauyinta da kowane irin zaɓe ko jarrabawa da za a yi, ba rabin hanya ba. A sa wani daga waje ya tabbatar saitin kowace saba ɗaya ne kafin a fara. A rubuta tun da wuri abin da za a koma kansa idan sabon ya ƙi. Idan kuma an sami matsala, a faɗi ainihin dalilin cikin kwanaki kamar yadda JAMB ta yi, ba bayan shekara ba, tare da sunan kamfanin da aka ba aikin da abin da kwangilarsa ta ce zai biya.

Kafin a kai can, wakilin jam'iyya a rumfar Boko yana da abu ɗaya a hannunsa da ba ya jiran saba. Doka ta ba shi kwafin takardar sakamako da aka sa wa hannu a gabansa, kuma ana liƙa sakamakon a rumfar kowa ya gani. Duk mai waya a wurin yana iya ɗaukar hotonsa kafin a watse.